Jiragen Rapid KL da katin Touch 'n Go: yadda suke ga baƙon da ya zauna a Kuala Lumpur

Duk wanda ya sauka Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, da niyyar zama, ɗalibi ne ko ma'aikaci ko ɗan kasuwa, bayan kuɗin haya babu abin da zai fi cin aljihunsa kamar zirga-zirga. Garin ya bazu ya haɗe da Petaling Jaya da Serdang da Kajang, har ba a gane inda iyaka take, manyan titunan kuma yawanci sai an biya kuɗi ake bin su. Jiragen ƙasa na cikin gari, wato na Rapid KL, sun cancanci yabo, ga tsabta ga sanyi ga araha. Amma alherinsu na wanda gidansa ke kusa da tasha ne.

Layukan ba tsara ɗaya ba ne, kuma ana ganin bambancin. Layin Kelana Jaya, na ƙananan jiragen da ake kira LRT, ya fara aiki tun 1998, ba shi da direba, yana tashi daga Gombak ya ratsa KLCC a tsakiyar gari da Masjid Jamek da babbar tashar KL Sentral ya ƙare a Putra Heights. Shi ne layin ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, shi ne kuma na Jami'ar Malaya ta tashar Universiti. Matsalarsa cunkoso da tsufa. Daga bakwai da rabi zuwa tara na safe mutum kan bar jirgi biyu su wuce kafin ya samu wurin sa ƙafa. A watan Mayun 2021 jirage biyu sun yi karo a ƙarƙashin ƙasa kusa da KLCC, fiye da mutum 200 suka ji rauni, a Nuwamban 2022 kuma aka rufe tashoshi 16 na kwanaki saboda na'urar sarrafa jiragen ta samu tangarɗa. An ƙaro sababbin jirage tun daga lokacin, amma wanda aikinsa ba ya jure latti ya tanadi hanya ta biyu.

MRT, tsarin manyan jirage na Rapid KL, shi ne sabon yayi. Layin Kajang ya kammala a 2017, na Putrajaya kuma a Maris ɗin 2023. Taragunsu sun fi faɗi, tashoshin na da lif da matakala mai tafiya da kanta, akwai taragon mata zalla, ga kuma ɗakin salla da suke kira surau a tashoshi da dama, da wurin alwala. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda la'asar ta riska a hanya. Layin Putrajaya ya sauya rayuwar masu karatu a Jami'ar Putra Malaysia (UPM) da mazauna Cyberjaya, waɗanda a da shiga gari kan zame musu aikin yini guda.

Jirgin KTM Komuter na wani kamfani ne daban. Yana kaiwa nesa, amma jiransa na iya kai rabin awa ko fiye, don haka kada ka kama gida don kawai dillali ya ce "akwai jirgi kusa". Tambaye shi wane jirgi.

Sai batun kati, inda sababbin zuwa suka fi yin tuntuɓe. Ana iya sayen ɗan kwabon roba a na'ura don tafiya ɗaya, amma ya fi biya da kati tsada, kuma bas ba ya karɓar tsabar kuɗi sam. Abin da ya dace shi ne katin Touch 'n Go, wanda ake zuba wa kuɗi a riƙa biya da shi, kuma a nemi sabon samfurin da ke aiki da NFC, fasahar da ke sa waya ta karanta kati in an manna su, wanda ya fito a 2022, kuɗinsa ringit 10. Sai ka sauke manhajar Touch 'n Go eWallet ka yi rajista da fasfo da lambar wayar Malesiya. A nan ruɗanin yake: kuɗin da ke cikin manhaja daban, na cikin kati daban. Mutum zai zuba ringit 100 a waya, ya je ƙofar shiga ya ɗora kati, ƙofa ta ƙi buɗewa, domin katin fanko ne. Dole ka shiga manhajar, ka zaɓi ƙara kuɗi a kati, ka manna katin a bayan wayar ka riƙe shi tsit har ta nuna an gama. In ka janye da wuri, ko rigar wayar ta yi kauri, aikin na iya katsewa. Wayar da ba ta da NFC kuwa, sai a je wurin sayar da tikiti a tasha ko shago a zuba, wasu shagunan na karɓar ƙarin sen 50. Kada ka bari abin da ke cikin katin ya gaza ringit 10.

A bas ana ɗora kati sau biyu, wajen shiga da wajen sauka. Wanda ya manta na biyun ana iya cire masa kuɗin zango mafi nisa.

Tafiya a cikin gari ba ta cika wuce ringit 2 zuwa 5 ba. Akwai tikitin wata mai suna My50, ringit 50 na kwana 30, hawa ba iyaka, sai dai na 'yan ƙasa ne masu katin shaida na MyKad. Baƙo ba ya samu, ko da ya shekara goma yana biyan haraji. Bas-bas na Go KL ma da aka sani da kyauta, tun farkon 2024 wanda ba ɗan ƙasa ba yana biyan ringit 1. Wannan ƙarin kuɗi ne da baƙo zai ji a jikinsa, ya kamata ya sa shi a lissafin wata tun kafin ya zo.

Canjin layi ma sai da lura. A Masjid Jamek da Pasar Seni da TRX ana sauyawa ba tare da fita ba. Amma daga KL Sentral zuwa MRT na Muzium Negara tafiya ce mai ɗan tsawo a ƙafa, kuma sai ka fita ka sake biya. Mai jan akwati ko yara ya ƙara minti goma.

Babban aibin tsarin yana tsakanin tasha da ƙofar gida. Akwai ƙananan bas-bas masu lamba da ke farawa da T, ringit 1 kacal, amma cunkoson titi ke juya su, lokacinsu ba abin dogaro ba ne. Hanyar masu ƙafa a unguwanni da yawa tana yankewa a bakin babban titi, abin da taswira ta nuna mita 600 sai ya zama zagayen kilomita biyu. Ga zafi mai gumi, ga ruwan sama da ke tsugewa da yamma daidai tashi daga aiki. Kuma babu ɗan acaɓa a nan kamar yadda ake da su a Jakarta ko Bankok. Abin da ya rage shi ne Grab, kamfanin kiran mota ta waya, wanda aka kafa a wannan gari a 2012 da sunan MyTeksi, ya kuma haɗiye harkar Uber a yankin a 2018. Yana aiki da kyau, amma da hadari ya haɗu farashinsa kan ninka, kuɗin titi kuma fasinja ke biya a kan kuɗin mota. Wanda ke hawa Grab zuwa tasha safe da yamma, arahar jirgin ta tashi a banza.

Saboda haka kafin ka sa hannu a takardar haya, taka hanyar da ƙafarka daga ƙofar gidan zuwa tasha, da rana tsaka, kana duba agogo. Duba ko akwai rumfa ko gadar tsallake titi. Gidan da ya ɗara wani da ringit 200 a wata amma minti biyar ne zuwa MRT ya fi sauƙi a ƙarshen lissafi. Jirage na farawa wajen ƙarfe shida na safe su tsaya kusan sha biyun dare, don haka mai jirgin sama na asuba ya shirya mota tun daren jiya. Da rana kuwa jirgin ƙasa na KLIA Ekspres na kaiwa filin jirgin sama daga KL Sentral cikin kimanin rabin awa, a kan ringit 55.