Rigar salansar bindiga: ta yadi ko ta silikon?

Wa'alaikumus salam ƙanina, barka da fitowar takardarka ta rajistar salansa, wato bututun rage ƙarar harbi, daga ATF, hukumar Amurka mai kula da harkar bindigogi, Allah ya sa a yi amfani da ita lafiya. Tsakanin rigar silikon da ta yadi da kake tambaya don bindigarka mai cin harsashin .308 da kuma AR ɗin, bindigar nan mai harbi a jere, da ka ce wani lokaci kana mayar da salansar kanta, ni dai ba zan ja ka da nisa ba, sayi ta yadi mai hawa biyu wadda ake ɗaurewa da igiya, ka huta. Duka biyun na taɓa kashe musu kuɗi, ɗaya tana kan bindigata har yau ɗayar kuma tana cikin kwalin tarkace a gareji.

Bari in ba ka labarin yadda na hadu da ta yadin. Shekarar da na fara ɗaura salansa a .308 ɗina na je filin harbi a nan Texas cikin watan Agusta, rana kamar ta fasa kai, na kafa allo a yadi 300. Harsashi na farko da na biyu da na uku lafiya lau, ina zuwa na shida na bakwai sai na ga ɗigon da nake saitawa ya fara rawa a cikin madubin hangen nesa na bindigar, yana lilo yana hawa sama kamar ana kaɗa ruwa a kwano. Ka san kawalwalniyar nan da ke tashi a kan kwalta in kana hanyar Kano zuwa Zariya a watan Afrilu? To ita ce sak, sai dai wannan daga kan salansar taka take tashi, daidai gaban gilashin madubin, kuma duk yadda ka ƙara girman hoton haka take ƙara muni. Ni a lokacin iska nake zargi, har na fara murɗa saiti ina ɓata abin da na sha wahalar gyarawa. Wani dattijo Bature da ke tebur na kusa da ni ya daɗe yana kallona, can ya taso ya kwance rigar da ke kan tasa ya zura min a tawa, ya ja igiyar ya ɗaure da hannunsa ya ce in sake gwadawa. Wallahi ina sa ido sai na ga allon ya tsaya cak. Na harba guda biyar suka taru wuri ɗaya. Rigar nan ta tsufa, ta koɗe, bakinta duk ya yi baƙi da hayaƙi, amma ranar na gane amfaninta, a daren nan na yi odar irinta, dala 80 da 'yan kai. Yau shekara huɗu kenan, ta sha farautar barewa cikin sanyin Disamba, ta sha ƙura, sau ɗaya kawai na canza mata igiya.

Abin da ya sa na nace da hawa biyu, yadin waje da yawancinsu ke amfani da shi Cordura ne, shi kuwa nailan ne, yana da ƙarfi wajen jure karce da ƙaya amma yana narkewa a wajen digiri 260 na Salshiyas. Saboda haka dole a samu wani abu a ciki da zai tsaya tsakaninsa da ƙarfen. Masu kyau suna sa saƙar zaren gilas wadda ke ɗaukar zafi har wajen digiri 540, wasu su sa Nomex ko Kevlar, waɗannan biyun ba sa narkewa su ɗiga, sai dai su ƙone su zama gawayi, Nomex daga wajen 370, Kevlar kuma sama da 400. Kamfanoni irin su Cole-TAC da Armageddon Gear da Rifles Only duk suna da riga mai sauƙi ta masu harbi ɗai-ɗai da kuma mai kauri ta masu harbi da yawa, to kai tunda AR na cikin lissafinka mai kaurin za ka ɗauka, ko da ta fi tsada kaɗan. Harsashi 30 na 5.56, irin wanda AR ke ci, in ka juye su a jere sun isa su kai salansa inda in ka ɗiga ruwa zai yi ƙara ya ɓace nan take, in ka bi da magazin, wato gidan harsashi, na biyu da na uku babu hutu to ka shiga yankin da nailan ba ya rayuwa. Ƙarfe yana fara nuna ja a cikin duhu a wajen digiri 525, kuma salansa tana iya kaiwa can in aka matsa mata.

Ta silikon kuwa, to, ba zan zalunce ta ba, tana hana ƙuna in hannu ya gifta kuma ruwa ba ya jiƙa ta. Iyakar yabon kenan. Tawa nauyi ta ƙara min a can ƙarshen hancin bindiga inda nauyi ya fi damun mutum, ita kanta tana ɗaukar zafi ta riƙe ta fara tayar da nata kawalwalniyar, cire ta kuma da zafi sai ka yi kokawa. Wata rana bayan magazin biyu ta yi laushi tana wari, na bar ta ta huce na zare ta ban sake mayarwa ba.

Amma ga abin da nake so ka riƙe fiye da zancen wacce ta fi, domin masu sayarwa ba sa faɗa maka: riga ba ta sanyaya salansa. Bargo ce. Zafin da ta hana ya taso gaban madubinka bai tafi ko'ina ba, yana nan ciki ta kulle shi, salansa mai riga ta fi daɗewa kafin ta huce nesa ba kusa ba. Ka taɓa waje ka ji ɗumi-ɗumi kawai ka ce ai lafiya, alhali ciki wuta ce. A nan ne ya kamata ka duba da wane ƙarfe aka yi taka, ba ka faɗa mana ba. In taitaniyam ce, wadda mafarauta ke so saboda rashin nauyi, ƙarfinta yana raguwa sosai in ta haura wajen digiri 425, in ka lulluɓe ta kana zuba mata wuta kana rage mata kwana ne. In Inconel ce, wani haɗin ƙarfe mai jure zafi, ko bakin ƙarfe marar tsatsa ta fi haƙuri. Ni ƙa'idata mai sauƙi ce, ranar .308 da harbin nesa riga na kai, in na yi goma ko sha biyar sai in sassauta igiyar in ja rigar baya ta hau kan bututu, in buɗe bindigar in cire magazin in jingine ta baki sama iska ta bi ta ciki kamar bututun hayaƙi. Ranar AR da harbi da sauri kuwa rigar tana cikin jaka, sai na gama ta ɗan huce sannan in zura mata don kar ta ƙona min wando ko ta narkar da cikin jakar. Duk wanda ya taɓa hawa acaɓa salansa ta lashe masa ƙwauri ya san irin tabon, wannan ta fi waccan zafi. Kuma don Allah kar ka tsoma ta a ruwa tana tsananin zafi don ta yi saurin hucewa.

Wajen awo ka nutsu. Ka auna tsawo da kaurin taka da kanka, yawancin na harsashin .30, ajin da .308 ke ciki, kaurinsu inci ɗaya da rabi ne amma akwai masu kauri, kar ka dogara da sunan samfuri kawai. Duk harbi bindiga baya take tokarowa, riga kuma sai ta rinƙa silalewa gaba a hankali, in ta leƙa gaban baki harsashi da iskar wuta za su yage ta, na ga an harba wata ta faɗi can yadi goma gaba. Shi ya sa nake son mai igiya wadda ake zargewa a bayan salansar ta kama gindinta, ka bar ɗan rata a gaba kamar faɗin farce. Mai Velcro zalla tana saki in ta sha zafi da ƙura. In ruwa ya dake ku a daji, ka cire ta ka shanya da ka dawo gida, jiƙaƙƙen yadi a kan ƙarfe tsatsa yake jawowa musamman wajen maɗaurin. Wani amfani kuma, da riga a kai kana iya kamawa ka tabbatar salansar ba ta sassauto ba tsakanin harbi, bayan ka cire harsashi ba shakka, domin in ta sassauto harsashi na iya dukan faifan da ke ciki, asarar kuwa ba ƙarama ba ce.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da 'yan kasuwar intanet masu dala 12 da dala 15. Za ka ga an rubuta tana jure digiri dubu da ɗari biyar, an sa hoton wuta, in ta iso ka juya cikinta nailan ne waje nailan ne ciki. Wani abokin harbinmu ya sayi irinta, ta narke ta manne a jikin sabuwar salansarsa kamar leda a kan tukunya, kwana biyu yana kankarewa, fentin bai dawo ba. Duk wanda bai rubuta sunan abin da ya sa a ciki ƙarara ba ka wuce shi. Kuma ka lura da ma'auni, nan Amurka da Faranhait suke rubutawa, digiri 500 nasu 260 ne kawai namu. Mafi haɗari su ne masu tallan wani bututu da sunan matatar mai ko abin tara ruwan wanke bindiga, suna nuna maka da ido cewa ai ka gane. ATF na iya ɗaukar wannan a matsayin salansa marar rajista, hukuncinsa kuma yana kaiwa shekara 10 a gidan yari. Harajin dala 200 da ake biya tun 1934 ma an mayar da shi sifili daga Janairun 2026, rajistar ce dai tana nan, to babu dalilin bin ta bayan gida. 'Yan uwa da ke karantawa daga Najeriya ko Nijar, wannan duk maganar dokar Amurka ce, kar wani ya ce a saka masa a kaya.

Ka turo min tsawo da kaurin taka da irin ƙarfenta in faɗa maka girman da za ka yi oda, in kuma za ka shigo wajenmu ranar Asabar ka zo da ita ka gwada tawa tukunna.