Sharhi Kan Na'urar Baki Mai Magance Ɗaukewar Numfashi a Barci

Na daɗe ina kwana da wata 'yar na'ura a bakina, wadda likitan haƙori ya auna haƙorana aka ƙera mini ita domin magance ɗaukewar numfashi a cikin barci, kuma tun da ɗokin sabon abu ya riga ya wuce, na ga ya dace in rubuta abin da na gani game da ita. Ta yi mini aiki, amma rabin amfaninta ya fito ne daga saitin da aka yi ta yi mata bayan an ba ni ita, da kuma gwajin barcin da aka sake yi mini tana bakina. Wanda ya karɓi robar ya tafi gida bai sake komawa wurin likita ba, bai sami abin da ya biya kuɗinsa a kai ba.

Idan mutum ya yi barci, tsokokin da ke riƙe da harshe da ganɗa da bangon maƙogwaro sukan saki. A wurin yawancin mutane hanyar iska takan ɗan tsuke ne kawai, amma a wurin irinmu takan rufe ruf ko ta kusa rufewa, ƙirji yana ta kokawar jan numfashi iska ba ta wucewa, oksijin yana raguwa a jini, har sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na 'yan daƙiƙun da ba zai tuna da su ba da safe. Likitocin barci suna ƙirga duk ɗaukewa ko raguwar numfashin da ta kai daƙiƙa 10, sannan su duba sau nawa hakan ke faruwa a cikin awa guda: daga 5 zuwa 14 larurar mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama kuma mai tsanani. Gwajin farko ya sanya ni a rukunin tsakiya. Abin da ya kai ni asibiti shi ne tashi da ciwon kai da busasshen baki, yawan fita fitsari da dare, da gyangyaɗin da ya fara bi na har bayan sitiyari. Abin da ya hana ni wasa da maganar kuwa shi ne alaƙar da aka tabbatar tsakanin wannan larura da hawan jini, rikicewar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga.

Da na'urar CPAP aka fara mini, wato injin da ke hura iska ta tiyo da takunkumi domin maƙogwaro ya zauna a buɗe, wanda Colin Sullivan na Jami'ar Sidni a Ostareliya ya bayyana shi ga duniyar likitoci a 1981. Ba zan rage mata daraja ba, domin wajen rage ɗaukewar numfashi har yau ta fi na'urar baki ƙarfi, kuma daren da na iya barin ta a fuskata har safiya nakan tashi garau. Matsalar ita ce irin wannan dare bai cika zuwa ba. An canza mini takunkumi, an rage ƙarfin iskar farkon dare, an ƙara mata danshi, duk da haka sai in farka in tarar na cire ta cikin barci tana ta huci a gefen matashi. Ma'aunin da aka saba amfani da shi wajen cewa mutum yana bin maganin shi ne awa 4 a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare, kuma ko wannan ɗan ma'aunin ban cika ba.

Likitar barcin ce da kanta ta tura ni wurin likitan haƙorin da ya ƙware a wannan fanni, kuma haka tsarin ya kamata ya kasance. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka da takwararta ta likitocin haƙori masu kula da barci suka fitar tare a 2015 ta ba da shawarar a rubuta na'urar baki ga babban mutumin da ya kasa jure CPAP ko ya fi son wata hanyar, ta kuma fifita wadda aka ƙera bisa haƙoran mutum, mai karɓar saiti, a kan wadda ake saye a shirye. Ƙa'idar ta nemi a sake gwajin barci bayan an saita na'urar, likitan haƙori kuma ya ci gaba da duba bakin lokaci zuwa lokaci. Na ambaci wannan ne domin mai neman irin wannan magani ya san cewa abubuwan nan ba alfarma ce ake yi masa ba.

Binciken da aka yi wa bakina ya fi yadda na zata tsawo. Likitan ya ƙirga haƙora, domin na'urar a jikinsu take kama kuma ana son a sami kamar takwas zuwa goma masu ƙwari a sama da kuma a ƙasa. Ya duba dasashi ko yana jini, ya girgiza kowane turmi ya ji ko yana motsi, sannan ya ɗora yatsunsa a gaban kunnuwana ya ce in buɗe baki in rufe, yana sauraron gaɓar muƙamuƙi ko tana ƙara. Akwai wani tsohon ciko da ya ce sai an sabunta shi tukuna, saboda duk gyaran da aka yi wa haƙori bayan an ƙera na'urar yana iya hana ta zama. Daga nan ya sa mini wani ɗan ma'auni tsakanin haƙoran gaba, ya ce in tura haɓata gaba iya ƙarfina, in dawo da ita baya iya ƙarfina, ya rubuta tazarar da milimita. Ba a cusa mini ƙullin nan na ɗaukar siffar haƙora ba. Da wata 'yar kyamara mai kama da alƙalami aka zaga bakin, haƙorana suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a allon kwamfuta, har da tsagar da ban san tana nan ba.

Na'urar da aka kawo ɓangare biyu ce ta roba mai tauri, ɗaya na hawa haƙoran sama ɗaya na ƙasa, da wasu 'yan fukafukai a gefe da ke hana muƙamuƙin ƙasa komawa baya, da ƙaramin noti a kowane ɓari wanda ake murɗawa da ɗan makulli. Hikimar mai sauƙi ce: tushen harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa yake, saboda haka idan aka riƙe muƙamuƙin a gaba, harshe ya biyo shi, naman da ke bayan maƙogwaro ya ɗan miƙe, hanyar iska ta sami fili. An fara ni da kusan rabin tazarar da zan iya turawa. Da na danna ta da yatsu ta shige da ɗan sauti, sai na ji haɓata kamar durowar da aka ɗan jawo aka bari a haka. Ana iya shan ruwa da ita, ana iya magana, ko da yake maganar takan fito a dagule.

Makonnin farko ba su da daɗi, kuma ban yarda da duk wanda zai ce wa mai saye ba zai ji komai ba. Yawu ya yi ta taruwa har yana jiƙa matashi, haƙoran gaba suna tsami da safe, tsokar kumatu tana gajiya. Yawun ne ya fara daidaituwa, tsamin ya biyo baya. Wani gefe da ke gurzar dasashina likitan ya goge shi cikin 'yan mintuna, abin da ya nuna mini amfanin samun wanda za a koma wurinsa.

Minsharin kuwa tun a farko ya ragu ƙwarai, har maiɗakina ta ce ai magana ta ƙare. Da na kai wa likitan wannan albishir na ce, "Likita, ina ganin mun isa, a bar ta a nan," sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, kunne ba ya auna oksijin. Ana iya daina minshari numfashin yana ci gaba da ɗaukewa." Wannan ita ce magana mafi amfani da na ji a duk tsawon jinyar, domin a nan ne haɗarin na'urar yake: tana iya kashe ƙarar da ke faɗakar da mutanen gida cewa akwai matsala, alhali matsalar tana nan ta yi shiru. Muka ci gaba da murɗa notin kaɗan-kaɗan, ƙasa da milimita guda a kowane karo, ana barin kwanaki a tsakani domin gaɓa ta saba. Akwai matakin da na fara jin ciwo a gaban kunnen hagu idan ina tauna, sai aka dawo da ita baya kaɗan aka dakata, daga bisani aka sake gwadawa a hankali. Ba a neman iyakar inda muƙamuƙi zai iya kaiwa. Ana neman wurin da numfashi ya gyaru kuma gaɓa ba ta koka ba, kuma wannan wuri ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Gwajin barci na biyu, wanda na yi da na'urar a bakina, ya nuna na sauko daga rukunin matsakaici zuwa ƙasan rukunin mai sauƙi, faɗuwar oksijin kuma ta ragu sosai. Bai kai tsabtar sakamakon CPAP ba, kuma ragowar ɗaukewar yawanci lokacin da na kwanta rigingine take zuwa, shi ya sa aka ce in saba da kwanciya a gefe. Amma wannan na'urar tana bakina daga kwanciya har wayewar gari, kowane dare, ita kuwa waccan rabin dare ma da ƙyar. Wannan shi ne dalilin da ya sa binciken da aka yi ta kwatanta hanyoyin biyu yakan sami sakamako mai kusanci wajen gyangyaɗin rana da hawan jini: ɗaya ta fi ƙarfi, ɗaya an fi jure ta. A jikina, ciwon kan safe ya tafi, fitsarin dare ya ragu, kuma ina iya zama a taro mai tsawo ba tare da ina cizon leɓe don kar barci ya ɗauke ni ba.

Akwai farashin da ba na kuɗi ba, wanda a ganina ba a cika nanata shi yadda ya kamata ba. Kowace safiya idan na cire ta, turamena ba sa haɗuwa. Haƙoran gaba ne suke fara karo da juna, na baya suna rataye. An ba ni wata 'yar roba ta daban mai ɗauke da siffar cizona na asali, wadda nake ciza a hankali na wasu mintuna har muƙamuƙin ya koma mazauninsa, kuma ranar da na yi gaggawa na tsallake ta, taunar farko takan zo a karkace. Wannan na wucin gadi ne. Na dindindin shi ne motsin haƙoran kansu, domin ƙarfin da ke riƙe muƙamuƙi a gaba a kansu yake sauka dare bayan dare: na gaba na ƙasa sukan ɗan karkata waje, na sama su ɗan koma ciki, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu, kuma canjin yakan ci gaba a hankali muddin ana amfani da na'urar. A dubawar da aka yi mini ta baya-bayan nan, da aka ɗora sabon hoton haƙorana a kan na farko, an ga ɗan motsi, kuma ni ma na lura abinci ya fara maƙalewa a wani lungun da da ba ya maƙalewa. Na auna na ga ɗan gocewar haƙori ya fi mini sauƙi a kan numfashin da ke ɗaukewa, amma wannan hukunci ne da ya kamata mutum ya yanke da idonsa a buɗe, kuma ya nemi a ajiye hoton cizonsa na farko domin a sami abin kwatantawa.

Kula da ita ba wuya: ruwan sanyi da buroshi mai laushi, ba ruwan zafi domin yana lanƙwasa ta, ba man goge baki domin yana kankare ta, a bar ta ta bushe kafin a rufe a akwatinta. Dole ne a goge haƙora sosai kafin a sa ta, tun da duk abin da ya rage zai kwana a rufe a jikinsu. Ba ta buƙatar lantarki, ba ta ƙara, tana shiga aljihu idan tafiya ta kama. Ba ta dawwama ba ce. Bayan 'yan shekaru takan saki ko ta tsage a sake wata, kuma ya kamata a sa wannan cikin lissafi tun farko.

Game da na'urorin baki masu arha da ake tsomawa a ruwan zafi a ciza, na riƙe irinsu a hannu na kwatanta da tawa. Sun fi kauri, ba sa kama haƙori da kyau, yawancinsu ba su da saiti na sosai, kuma babu mai duba gaɓa ko dasashi. Babbar illarsu ita ce mutum ya gwada ta faɗo daga bakinsa cikin dare, ya yanke cewa duk hanyar ba ta aiki.

Ko ta likita ma ba kowa take yi wa ba. Mai ciwon dasashi da ya yi nisa, mai ƙarancin haƙora, mai ciwon gaɓar muƙamuƙi mai tsanani, duk sai an yi nazari. Wanda ɗaukewar numfashinsa daga ƙwaƙwalwa take, wato saƙon numfashin ne ba ya zuwa ba toshewa ba, wannan na'ura ba ta shafe shi ba. Mai larura mai tsanani, musamman idan akwai ƙiba sosai ko oksijin yana faɗuwa ƙwarai, CPAP ce kan gaba a gare shi, kuma akwai waɗanda ake saita musu na'urar baki har ƙarshe ba ta yi musu komai ba. Toshewar hanci, barasa da magungunan sa barci duk suna rage mata tasiri.

Ƙorafina kan hidimar shi ne likitocin biyu ba sa magana da juna yadda ya kamata. Ni ne na riƙa ɗaukar sakamako daga likitar barci zuwa likitan haƙori, kuma ni ne na tuna musu lokacin gwaji na biyu ya yi. Tawa na'urar kuma ba ta ajiye bayanin komai, saɓanin CPAP da ke nuna adadin ɗaukewar numfashin kowane dare, saboda haka idan nauyin jiki ya ƙaru ko robar ta saki, babu abin da zai faɗa wa mutum sai dawowar gyangyaɗi. Na roƙi a rubuta mini a takarda yaushe za a sake duba haƙoran, da kuma irin canjin da idan na gani zan nemi sabon gwajin barci ba tare da jiran ranar ba, kuma an rubuta.