Gargaɗi ga masu gyaran kayan kiɗa: gudumar "tagulla" da ake tallatawa a waya ƙarfe ce da aka shafa wa launi

Assalamu alaikum jama'ar zango. Ni mai gyaran jita da goge ne a Aboabo, nan Kumasi. Na yi kwana biyu ina jin kunyar faɗin wannan magana, don mutumin da ya daɗe yana riƙe guduma bai kamata a ce an cuce shi da guduma ba. Amma jiya wani abokin sana'a daga Nima da ke Accra ya kira ni, ashe shi ma an yi masa, hoto ɗaya, labari ɗaya, lambar waya ce kawai ta bambanta.

Bari in fara da abin da ya sa muke neman tagulla, don wanda ba ya sana'ar zai ce guduma ai guduma ce. Ƙarafunan nan sirara da ke jere a wuyan jita, waɗanda muke kira firet, yawancinsu haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Kowanne yana da ƙafa mai ƙananan haƙora da ke shiga tsagar katako, sai an buga ta zauna. Idan ka buga da gudumar kafinta, baƙin ƙarfe ya fi firet tauri, sai ya lotsa kansa, kuma duk inda ya lotse tsirkiya za ta riƙa zizar da ba ta da magani sai an sake goge wurin. Tagulla kuwa ta fi firet laushi. Ita ke karɓar rauni, firet ya tsira. Shi ya sa tsohuwar gudumar tagulla za ka ga fuskarta duk tabo, kuma haka ake son ta. Nauyinta ba ya wuce giram 200 zuwa 250, sau da yawa fuska ɗaya tagulla, ɗaya roba mai tauri. Ko a aikin goge da garaya, inda babu firet, tana da daɗin buga ƙananan ƙusoshin da ke riƙe fata a bakin ƙwarya.

Tawa ta ɓata lokacin da muka sauya shago. Ina cikin cigiya sai ga talla a wani rukunin masu kiɗa a WhatsApp: guduma tana walƙiya, wai daga Jamus, wai saura uku. Na yi wa mai tallan magana. Bakinsa kamar zuma. "Maigida, kai ai namu ne, ba zan yi maka tsada ba." Ya ce yana Accra, kuɗinta sidi 450, in tura rabi ta MoMo, asusun kuɗi na waya, a matsayin kafin alƙalami, ya sa ta a mota, in cika idan direba ya kira ni. Da na sa lambar, sunan da ya fito na mace ne, ba wanda ya gaya mini ba. Na tambaya, ya ce layin matarsa ne. Nan ya kamata in tsaya. Iyayenmu sun hana cinikin biri a sama, amma jitar mutum tana kan teburina, kuma yana da biki ranar Asabar.

Abin da ya sa wannan damfara ke cin mutane shi ne kayan suna isowa. Mun saba da wanda zai karɓi kuɗi ya kashe waya. Wannan yana aikowa, a naɗe a leda, da ƙota mai kyau. Na karɓa a tasha, na cika kuɗi, har na yi masa godiya.

Firet na huɗu nake bugawa na ga kansa ya baje. Na ɗauka hannuna ne ya yi nauyi. A na shida sai wani ɗan ɓawo mai ruwan zinariya ya ɓantare daga fuskar gudumar ya faɗi a kan katako, ƙarƙashinsa toka-toka. Yarona ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ya kawo kusa, sai ji muka yi ƙas, ya manne. Firet shida na cire na sake, kuma duk wanda ya taɓa cire firet ya san haƙoran nan ba sa fita sai sun tafi da ɗan katako. Asarar da ta fi ci mini rai ke nan, ba sidi 450 ba.

Gwajin ba wuya, ni ne ban yi ba. Maganaɗisu ba ya kama tagulla. Sai dai ku lura, akwai guduma ta gaske wadda jikinta baƙin ƙarfe ne, fuskar ce kawai tagulla da ake murɗawa, to a bakin fuskar za ku gwada, ku ji ko jan yana da ƙarfi. Kuma maganaɗisu shi kaɗai bai isa ba, don ba ya kama tutiya ko alminiyom, su ma ana shafa musu launin. Magagari ne alƙali. A goga a gefe, inda ba ya bugu. Tagulla rawaya ce har cikinta, garinta ma rawaya. Idan fari ko toka ya leƙo, an gama magana. Wanda ke kusa da injin wasa wuƙa, ya ɗan taɓa ta: baƙin ƙarfe yana fesa tartsatsi, tagulla ba ta yi. Mai kayan da ya ƙi a sa magagari, ku bar masa kayansa.

Akwai kashi na biyu. Da na kira shi da ƙorafi bai musa ba, har haƙuri ya ba ni, ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren ɗauka. Ya ce zai mayar mini da kuɗina yanzu, saƙo zai shigo wayata, in danna amincewa in sa lambar sirrina. Jama'a, mai karɓar kuɗi ba ya sa lambar sirri. Mai fitarwa ne ke sawa. Na kashe wayar. Abokina na Nima ya danna, abin da ke cikin asusunsa ya bi gudumar. Duk wanda abin ya same shi, ya kira kamfanin layinsa nan take, ya kuma kai rahoto ga hukumar tsaron intanet ta Ghana a lamba 292, ya ajiye hotunan hirar kafin a goge.

Abin dariyar, a Kumasi nake zaune ina neman tagullar Jamus. Garin da Asantawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuba ma'aunan garin zinariya da tagulla. Har yau a Krofrom ta Ampabame, ƙauyen da ke bayan gari, ba unguwar Krofrom ta cikin gari ba, ana siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna su ne abincin tukunyarsu.

Ni dai Suame Magazine na nufa, unguwar makanikai da maƙera a nan Kumasi. Na sami guntun sandar tagulla wajen masu tsofaffin ƙarafa, na goga magagarina a gaban mai ita, na kai wa wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe. Na ce, "Baba, fuskar ta ɗan yi tudu kaɗan, a kashe kaifin gefen." Ya dube ni ya ce ya gane, ba sai na koya masa ba. Ƙotar ni na fafe da kaina, na goge fuskar da samfefa mai laushi. Duka-duka bai kai abin da na tura wa wancan ba.

Ta jabun tana nan rataye a ƙofar shago, maganaɗisun yana manne a jikinta. Wanda ya ga irin tallan nan, ya biyo ta Aboabo ya gwada hoton da ita kafin ya tura ko sisi.