Navigator ko jan hoto da hannu, wanne ya fi a aikin fasta?

Ƙanena da ka yi tambaya jiya da dare, ka ce in ka zuƙo fasta a Photoshop sai ka ɓace, ba ka san a wane lungu kake ba, wai ka riƙa amfani da Navigator ko ka ci gaba da ja da hannu. To ni duka biyun ina taɓawa a shagona nan wajen Ƙofar Ƙaura, kowanne da inda yake ci.

Navigator ɗan taga ne da ke nuna maka aikin gaba ɗaya ƙarami, da wani akwati mai launin ja a kai, wanga akwatin shi ne wurin da kake kallo a babban sikirin. Ka kama shi ka ja, babban hoton ya bi. Ranar da nake kalandar wata islamiyya mai hoton ɗalibai sama da arba'in, ina gyara hular yaro ɗaya har ina ganin zaren ɗinkin, wallahi ba don akwatin nan ba da sai na tsallake layi guda ban sani ba. Matsalarshi biyu, yana cin wuri, laftof ɗinka kuma ƙarama ce, sannan idonka na ta kai da kawo tsakanin taga biyu. In kau ka zuƙo sosai akwatin ya koma kamar ƙwayar gero, ka ɗan motsa maus kaɗan sai ka tsinci kanka a wata unguwa.

Ja da hannu kuwa, ka danne Space a kibod ka ja hoton da maus, ka danne Alt ka murza tayar maus ya zuƙo, idonka bai bar wurin aiki ba. Sauri kam ya fi, amma shi ne mai ɓatar da mutum, irin wanda ya shiga lungunan cikin gari bai hango hasumiyar Gobarau ba.

Abin ma an gwada shi, a 2002 wasu masu bincike, Hornbæk da Bederson da Plaisant, sun sa mutane neman wurare a taswira, kashi 80 cikin ɗari suka ce sun fi son mai ƙaramin taga, amma a ɗaya daga cikin taswirorin biyu sun fi sauri in babu shi. Kaga abin da rai ke so daban, abin da ke rage lokaci daban.

Ni a laftof irin taka rufe Navigator zan yi. Ka danne H, ka danna maus ka riƙe, hoton zai ja baya ka ga komai, ka kai akwatin inda kake so ka saki, ya mayar da kai can a zuƙe yadda kake. In ka rikice gaba ɗaya ka danna Ctrl da 0, fastar duka ta fito a sikirin. Sai ranar kalanda mai kawuna da yawa ka buɗo tagar, masu CorelDRAW kuma naku yana kusurwar dama ta ƙasa, ko ku danna N.