Kyauro ko itace: wanne ya fi wa mai ƙaramar sana'ar kibau?

Wani ɗan'uwanmu daga Kumo ya yi tambaya jiya. Yana son ya fara yin sandunan kibiya kaɗan-kaɗan, yana sayar wa maharba da yara masu koyon harbi, amma ya rasa wanda zai kama: kyauro irin na iyayenmu, ko itacen ferewa irin wanda Turawa ke yi. Ya kuma ce ba ya son sana'ar da za ta cinye dajin da take ci a cikinsa. Ƙanena, duka biyun sun bi ta hannuna, ga yadda na gan su.

Mu fara da inda ake samo su, don nan ne tambayarka ta fi nauyi. Kyauro ciyawa ne, ɗan'uwan rake, mazauninsa bakin kogi da fadama. Mu nan a gaɓar Gongola muke yanko shi, ƙasa da madatsar Dadin Kowa. Saiwarsa ba ta mutuwa don ka yanke kara. Ka sa lauje bana, damina na sauka ya sake toho a gurbinsa. Itace kuwa, in ka kayar da bishiya don kibiya, ka ci shekarun da ba kai ka tara ba, kuma abin takaicin, ɗan kaɗan ne daga jikinta zai yi sanda. Duk inda reshe ya fito akwai ƙulli, duk inda ta karkata jijiyar itacen ta karkata, waɗannan kuwa ba sa shiga kwari. A wannan fage kyauro ya yi gaba da nisa.

Sai dai kada ka ɗauka ba ya ƙarewa. Lauje bai taɓa kashe shi ba, amma wuta tana cinye karan, garma kuma tana kashe saiwar. Akwai wani lungun fadama da nake yanka tun ina bin mahaifina, shekara uku a jere masu neman gafiya suna cinna masa wuta kafin kara ya ƙosa, daga baya aka mai da wurin gonar shinkafar rani. Har yau in na wuce ta wurin raina yakan sosu. Saboda haka in ka sami wuri mai kyau, ka je ka gaida mai gonar da ke maƙwabtaka da shi da mai unguwa, ku yi magana, ka share masa iyakar wuta da zarar ruwa ya ɗauke. Ka jira sai hunturu ya shigo, furen ya yi fari, karan ya yi ƙwari. Ka tsinci na tsinta, ka bar saura, don masu zana da masu jinka su ma suna da rabo.

Itace ma yana da hanyar da ba ta ɓarna, hanyoyi biyu ma. Ta farko guntayen katako. A wajen 'yan katako, ko nan Gombe ko kasuwar Muda Lawal a Bauchi, za ka sami ragowar malaina da farin katakon akwatunan da ake shigo da kaya, wanda ƙarshensa murhu. Guntun da ya kai inci 32, ba ƙulli, jijiyarsa ta tafi sak daga kai har gindi, ya ishe ka. Ta biyu tohon kututture, musamman dargaza, wadda takan fito da tsirai miƙaƙƙu bayan sassabe. Ka yanki biyu ko uku a gindi ɗaya ka bar saura, ɓawon ma mata na so don yauƙinsa. Marke kada ka wahalar da kanka, ya yi nauyi. Gandun dajin Yankari da na Lame-Burra kuwa ko kusa, an hana sara kamar yadda aka hana farauta.

Turawan da kake kallo su ma ba su tsira daga wannan damuwa ba. Itacen da ya fi suna a wurinsu, Port Orford cedar, asalinsa wani ɗan yanki ne kawai na kudancin Oregon da arewacin Kalifoniya a Amurka, kuma wata cutar saiwa ta kashe shi da yawa. Shi ya sa masu sana'ar a can sukan nemi matattun gungume da suka daɗe a kwance.

Wajen aiki, bambancin ya fi ƙarfin kwatance. Kyauro Allah ya riga ya mulmula maka shi. Ka ɗaure shi dami-dami a inuwa ya bushe, ka kankare gaɓoɓi, ka gasa a kan garwashi kana miƙarwa kana hange da ido ɗaya. Ka naɗe kai da gindi da jijiyar dabba tun kafin ka soka ƙarfen maƙeri ko ka yi tsagar tsirkiya, in ba haka ba ya dare. Itace sai ka ƙirƙiri sandar da hannunka. Ka fara tsaga katakon da gatari don ka ga inda jijiyarsa ta nufa, sannan ka bi wannan layin da zarto ka fitar da 'yan sanduna masu kusurwa huɗu. Ka aske kusurwoyin su zama takwas, takwas su zama sha shida, samfefa ta ƙarasa. Kaurin da aka fi yi shi ne 11/32 na inci, wato kusan milimita 9. Lokacin da zan gama dozin ɗaya na itace, na cika kwari da yawa da kyauro.

To me ya sa har yanzu nake fere itace? Saboda harbi. Kibiyarmu ta gargajiya gajera ce, ba gashi, nauyinta na kai, an yi ta ne don harbin kusa da baka mai matsakaicin ƙarfi, kuma a nan kyauro ba shi da na biyu. Amma ka ɗora shi a kan baka mai ƙarfi da dogon ja, sai ya yi ta wutsil-wutsil ko ya fashe. Ingilawa masu manyan bakuna itace suka riƙe: jirgin yaƙinsu Mary Rose da ya nutse a 1545, aka ciro shi a 1982, an sami kibau sama da 3,500 a cikinsa, akasarinsu na poplar, itace mara nauyi mai saurin girma. Sannan mai koyon harbi yana bukatar kibau shida masu hali ɗaya. Kyauro kowane kara da halinsa, sai ka tona tuli kafin ka haɗa shida. Itace daga katako ɗaya yakan zo kusa da juna, wanda ya yi tauri kuma ka ƙara masa samfefa.

Akwai gwajin taurin sanda da ya kamata ka koya ko wanne ka zaɓa. Kafa ƙusa biyu a bango, tazarar inci 26. Ɗora sandar a kai, ka rataya nauyin laba 2 a tsakiya, kusan giram 900, wato gorar ruwa ta lita ɗaya da aka ɗan rage. Auna yadda ta lanƙwasa da inci, ka raba 26 da abin da ka samu. In rabin inci ne, ta dace da baka mai jan laba 52 ko kusa da haka. Masu lanƙwasa iri ɗaya ka ɗaure su wuri guda.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi. Sandar itacen da jijiyarta ta fita ta gefe, karya ta da hannunka ka jefa a wuta, kada ka sayar. Irinta ce ke tsagewa lokacin saki, tsinin ya shige hannun da ke riƙe da baka. Kyauron da ƙwaro ya huda shi ma haka.

Da ni ne kai, bana da kyauro zan fara, tunda jarinsa lauje ne da wuƙa da garwashi, kuma maharban wajenku shi suka sani. Guntayen katako ka riƙa tarawa a rumfa suna bushewa, kana gwada hannu da biyu-uku a mako. Duk wanda ka gama, na kyauro ko na itace, shafa masa man kaɗe, ka ajiye shi a kwance a kan shimfiɗaɗɗen wuri nesa da ƙasa saboda gara.