Matoshin Rage Sautin Tuba: Mai Lantarki Ko Marar Lantarki?

Duk wanda ke busa tuba a ƙungiyar busa ta sojoji, ta coci ko ta makaranta a Maradi ya san cewa gida ba wurin gwaji ba ne. Tuba irin BB♭, wato babbar mai muryar ƙasa sosai, bututun busa ce ta ƙarfe da tsawonta ya haura mita 5 idan aka warware ta, kuma amonta mai kauri yana ratsa katanga fiye da na kowane ƙaho, ta yadda maƙwabcin da ke hutawa bayan azahar zai ji shi har cikin ƙirjinsa. Maganin da aka sani shi ne matoshi, wanda ake cusawa a faffaɗan bakin da sauti ke fita, kuma iri biyu ne a kasuwa.

Na farko shi ne marar lantarki, irin wanda kamfanin Denis Wick na Ingila yake yi. Ba ya buƙatar batir, ba shi da wayar da za ta tsinke, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi. Aibinsa shi ne mai busa yana jin kansa can ƙasa-ƙasa a shaƙe, sai ya riƙa ƙara iska ba tare da ya sani ba domin ya ji abin da yake yi, kuma wannan ɗabi'a takan bi shi har ranar fareti.

Na biyu shi ne mai lantarki, wanda Yamaha ta fito da shi a 1995 da sunan Silent Brass. Ɗaya daga cikin samfuran da ta yi wa tuba shi ne SB1X. A cikin matoshin akwai ƙaramin makirfo da ke ɗaukar sautin, ya aika da shi ta waya zuwa wani ɗan akwati da ake maƙalawa a ɗamara, akwatin kuma ya gyara shi ya mayar wa mai busa ta na'urar kunne, kusa da yadda zai ji shi da babu matoshi. Wanda ke tsakar gida abin da zai ji kaɗan ne, alhali mai busa yana jin cikakken amo, saboda haka ba ya matsa wa leɓɓansa da huhunsa. A ganina wannan kaɗai ne dalilin biyan ƙarin kuɗin, kuma dalili ne mai ƙarfi. Akwai kuma kafar da ake jona wayar salula domin a bi kiɗan da ake koyo. Batir biyu na AA yake ci, waɗanda ake samu a kowane shago, don haka ɗaukewar wuta ba ta hana gwaji.

Kafin a yi maganar kuɗi, a auna bakin tubar da maƙogwaronta, wato inda bakin ya fara tsukewa daga ciki, domin nan ne ake yin asara. Tuba ba girma ɗaya take da shi ba: mai E♭ ko F ta fi BB♭ ƙanƙanta, kuma matoshin da bai zauna daram ba iska za ta tsere ta gefensa, sautin ya fita, nota, wato muryar da ake busawa, kuma ta karkace. Mai busa susafon, wadda ake ratayawa a kafaɗa bakinta na kallon gaba, kada ya ɗauka matoshin tuba zai yi masa. Tunda kayan daga waje ake odarsa, ya biyo ta Yamai ko ta Kano, mayar da shi wahala ce babba, ga kuɗin dako na abu mai girma haka; ya kamata a tura wa mai sayarwa awon da sunan samfurin tubar, a sami amsarsa a rubuce.

Kowane iri aka ɗauka, yana ƙara turjiyar iska, yana kuma taɓa daidaiton notocin ƙasa, don haka wajibi ne a riƙa samun lokacin busa a buɗe, ko a filin makaranta ne. Ƙurar hunturu da zafin bazara ma abin lura ne, domin suna busar da abin da ke riƙe matoshin a bakin tuba, ƙura kuma tana shiga kafofin akwatin. A goge damshin bayan gwaji, a ajiye shi a jaka a inuwa.

Ƙungiyar makaranta da ɗalibai da yawa ke karɓa-karɓa da tuba ɗaya, marar lantarki ya fi dacewa da ita saboda juriyarsa. Wanda kuwa yake da tasa, yana zaune a gidan haya, kuma sai bayan isha'i yake samun sarari, ya daure ya tara kuɗin mai lantarki.