Abincin barewar ya yi, amma rumbun da aka haɗa ni da shi ya ƙona min rai

Na daɗe ina son rubuta wannan, na yi ta jinkiri don zuciyata ta huce kada in zalunci kowa. Har yau ba ta gama hucewa ba, amma zan yi ƙoƙarin faɗin gaskiya.

Mu huɗu ne muke haɗa kuɗi duk shekara muna karɓar hayar filin farauta a yankin Llano, tafiyar kamar awa huɗu daga Houston inda muke zaune. Wanda ya san Texas ya san kusan duk dajin da mai shi, ba ka saɓa bindiga ka faɗa kawai, sai ka biya mai gona. Ni nama ne ya kai ni: in ambaci sunan Allah in harba da hannuna, in kawo wa iyalina abin da na san asalinsa. Bayan farin da aka yi a 2022 barewar filin suka lalace, haƙarƙari duk a waje, mata da yawa babu 'ya'ya a bayansu. Masarar da muke watsa musu kuwa, dattijon da ke da gonar ya ce mana alewa ce kawai. Furotin ɗinta bai wuce kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari ba, alhali barewa mai shayarwa ko namiji mai fitar da sabon ƙaho yana neman kamar kashi 16. Shi ya sa a Fabrairun 2023 muka sayi ƙwayar abinci mai kashi 20, tare da rumbun ƙarfe mai baki huɗu, irin wanda abincin ke gangarowa da kansa, mai ɗaukar abinci mai nauyin fam 1,000. Ba sai na faɗi kuɗin ba, duk mai harkar nan ya san yadda buhu ya koma.

Abin da ya sa na zaɓi wannan rumbun, na bar mai araha da ke gefensa, magana ɗaya ce da mai shagon ya maimaita min har sau uku: ruwa ba ya shiga. Haka kuma aka rubuta a takardarsa.

Bayan ƙaramar Sallah muka je muka cika shi taf, buhu 20. Ni na hau tsani na rufe murfin, na danna makullansa biyu, na sake jijjigawa don in tabbatar. Ina nanata wannan saboda abin da aka ce min daga baya. A watan Mayu aka yi ruwa mai ƙarfi a yankin, aiki kuma ya riƙe mu mako uku ba wanda ya leƙa. Wata rana da daddare babbanmu a tafiyar ya kira ni ya ce, “Malam, ka kuwa duba hotunan kyamarar nan? Dabbobin nan zuwa suke su shinshina su juya.” Na buɗe waya na duba hotunan da kyamarar da muka kafa a wajen rumbun take turowa. Ga wata mace, ciki ya yi nauyi har yana rinjayarta, ta sa baki a bututun, ta ɗago, ta koma na biyu, ta tafi. Kwana biyar a jere tana dawowa. Na ce, “Yaya, gobe zan kama hanya.”

Tun ban kashe mota ba warin ya tarbe ni, irin tsamin dusar da aka jiƙa aka manta da ita. Murfin yana nan a kulle yadda na bar shi. Da na buɗe sai ga funfuna kore da fari sun lulluɓe saman, ƙasa kuma abincin ya kumbura ya dunƙule kamar tuwon da ya kwana, ya toshe bakin huɗu gaba ɗaya. Ruwan ta wajen waldar da ta haɗa rufin da bango ya bi, ana ganin layin tsatsa tun daga sama har ƙasa, a rumbun da bai cika wata huɗu ba. Wuni guda na yi ni kaɗai da shebur da bokiti, rabin jikina a cikin rumbun, rana tana dukan ƙarfen. Abinci mai funfuna ba a barin dabba ta ci, don haka na loda shi a bayan mota na kai can ƙarshen filin na binne. Da ƙyar na tsira da abin da bai kai buhu uku ba.

Kwana biyu da haka aladun daji suka tone ramin suka cinye. Daga nan suka gane hanya, suka biyo har wajen rumbun, suka tura shingen waya mai tsayin inci 34 da muka zagaye shi da shi, sai da suka lanƙwasa gefe ɗaya. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai. Kuɗin da na yi ta tsayuwar dare a wurin aiki na tara, na ware don wata halitta mai ciki ta samu ƙarfin haihuwa, a cikin alade ya ƙare. Matata da ta ga hotunan ba ta ce komai ba sai “Allah ya mayar da alheri, Maigida,” ni kuwa na kasa cin abinci a daren.

Kuma lokacin ne ya fi komai muni. Namiji yana zubar da ƙahonsa a ƙarshen hunturu, sabon yana tofowa da laushi tun daga bazara, bai bushewa sai wajen Satumba. Mata kuma a Mayu da Yuni suke haihuwa a yankinmu. Makonnin da aka sayi rumbun dominsu ke nan, kuma a cikinsu ya toshe.

Na kira kamfanin. An ce in turo hoto, na tura goma sha biyu. Bayan kwana tara aka amsa min cewa ga dukkan alamu ba a rufe murfin da kyau ba. Na sake tura hoton waldar, da yatsana a kan tsagar. Sai aka ce za a aiko min da gam ɗin toshe ɓaraka, amma garantin bai shafi abincin da ke ciki ba. Da ce min aka yi kuskurenmu ne, ka yi haƙuri, da na bar maganar. Mayar da laifin kaina ne ya sa nake wannan rubutun.

To, sai dai adalci ya sa in raba rumbun da abincin. Ƙwayar ba ta cuce ni ba. Da farko sun ƙi ta, sai da muka cakuɗa da masara muna rage masarar a hankali har kusan wata guda. Bayan mun shafe waldar muka sake cikawa, sai aka shiga zafin 2023, wanda duk wanda ke Texas a lokacin ba zai manta da shi ba. Ciyawa ta ƙone ƙurmus. A cikin wannan halin ne na riƙa ganin mata da tagwaye a kyamara, gashi yana sheƙi, ƙugu a cike. Wadda nake zaton ita ce mai cikin nan ta dawo da ɗa guda yana bin ta, na kuma ji sanyi sosai a raina. Da aka buɗe farauta a Asabar ta farko ta Nuwamba, wanda na samu da na feɗe shi kitse ya rufe ƙodarsa, abin da ban gani ba a shekarar da ta wuce. Kilishin da muka yi da cinyarsa har maƙwabta sun ci. Ƙaho dai ban ga wani abin a zo a gani ba, duk da hoton ƙaton namijin da ke jikin buhun. Dattijon ya riga ya gaya mana cewa ƙaho shekaru ne da jini da damina, buhu taimako kawai yake yi, kuma ba a ganin sakamako a shekara ɗaya. Na yarda da shi. Akwai kuma abin da ke damuna da tara dabbobi baki ɗaya a bututu ɗaya, tun da wata cuta mai yaɗuwa da ke lalata ƙwaƙwalwar barewa an taɓa samunta a gundumar Medina tun 2015, kuma ba wata duniya ce mai nisa da mu ba.

Abin da ya fi burge ni ma ba daga kamfanin ya fito ba. Maƙwabcin gonar ne ya nuna mana angurya, ana zuba ta a kwandon waya a tsaye, ruwa bai cika ɓata ta ba, aladu kuma ba su damu da ita sosai ba. Angurya dai wadda mahaifina ke ba ragon layya a Funtuwa! Ana janye ta kafin lokacin barbara saboda wani sinadari da ke cikinta mai rage wa maza ƙarfin haihuwa, amma daga bazara zuwa ƙarshen zafi ta rufa mana asiri.

Har na fara cewa a raina wataƙila tsautsayi ne ya faɗa kan rumbu ɗaya daga cikin dubu. Sai ruwan Oktoba ya sauka, na je na tarar da ɗaya gefen ma ya fara yoyo, wani bututun ya sake toshewa. Waccan rana ta Mayu ta dawo min sabuwa fil, warin, shebur ɗin, da saƙon nan mai cewa ban rufe murfi ba. Yanzu rumbun yana nan da fallen kwano biyu a kansa mun ɗaure da waya, kamar rumfar mai shayi, rumbun da muka biya ƙarin kuɗi don an ce ruwa ba ya shigarsa.

Makon jiya Yaya ya kawo shawarar mu ƙaro na biyu a wajen tafki, kuma shagon nan ya yi masa ragi. Na ce masa kuɗin ƙwaya da na angurya ga nawa kason tun yanzu, amma ko sisina ba zai shiga wancan rumbun ba.